Maruƙa Biyar a Kwami Ɗaya

Duk wanda ya zauna a Nasarawan Doya zamanin da Turawa suka shigo da garmar shanu ya san Ashafa, ko yana so ko ba ya so. Dogo ne siriri, kuma Allah ya hore masa baki. Wata bakwai ya yi yana yankan ciyawa a wata gonar gwamnati can wajen Zariya, ya dawo da tsohuwar hular kwano wadda ta rasa maɗauri, da usur guda a aljihu. Tun daga ranar bai ƙara yarda a kira shi manomi ba. Shi masanin shanu ne. In za a bi diddigi, shanun gwamnatin nan daga bayan shinge yake hango su idan ya ɗago zai share gumi. To amma wa ke da lokacin bin diddigin maganar Ashafa?

Ana tsakiyar bazara, mai unguwa Lado ya tara magidanta a gindin tsamiya, ya ce malamin gona na En'e, wato hukumar gargajiya, Malam Inuwa, zai zo nan da kwana goma sha biyu. Zai duba wanda ya iya riƙon dabba, ya sa sunansa cikin waɗanda za a ba garma da shanun noma.

"To a rubuta sunana kawai, a hutar da malam zuwa," in ji Ashafa.

Akwai wani Bafillace a wurin, Bobbo, wanda rugarsa ke bayan fadama. Ya shigo gari neman kanwa ne, ya tsaya da sanda a kafaɗa yana sauraro. Ya dubi Ashafa sama da ƙasa.

"Kai Kaɗo, me ka sani game da saniya ban da nononta a cikin fura?"

"Na san abin da ku ba ku sani ba," in ji Ashafa, ya gyara zaman hularsa. "Shekara nawa kuna bin shanu a daji, har yau ba ku koya musu ladabi ba? Kun raba babba da ƙarami, wannan ya ci can, wancan ya ci nan. Ta yaya za su san juna? Mu nan, 'ya'yan gida guda akushi ɗaya suke ci. Babba ya sa hannu, mai bi masa ya sa, in tuwo ya yi ƙasa babba ya tsame hannu ya bar wa auta. Haka aka yi mana, ga mu nan mun zama mutane."

"Ku mutane ne," in ji Bobbo. "Su shanu ne."

"Abin da ya sa suka tsaya a shanu ke nan. Ba su sami mai nuna musu ba."

Aka fashe da dariya. Ashafa ya ɗauka shi aka yaba, ya miƙe tsaye ya rantse cewa ranar da Malam Inuwa zai zo, zai ga maruƙa manya da ƙanana suna ci a kwami ɗaya, babba yana ja da baya yana bar wa ƙarami. Ya ce labarin sai ya kai kunnen Razdan, Baturen lardi.

Shi dai dabba guda gare shi, wani ɗan bijimi mai shekara biyu da ya samu a musayar jakinsa, mai guntayen ƙaho da idon rashin kunya. Shi ya naɗa babban wa, ya sa masa suna Yaya. Maƙwabcinsa Tukur ya ba shi ɗan maraƙinsa mai shekara guda. Mai unguwa ya ba shi biyu 'yan wata bakwai-bakwai. Ba don sun yarda da shi suka bayar ba. Bazara ce, ciyawa ta ƙare, duk wanda ya ce zai ciyar maka da dabba kyauta ai ba ka tsaya yi masa gardama. Saura auta, kuma gida ba ya cika sai da auta.

Matar Ashafa, Sabuwa, 'yar Likoro ce. Da mahaifinta ya rasu, abin da ya faɗo hannunta saniya ce guda, tana can a rugar Bobbo. Saniyar ta tsufa, ta yi shekara uku ba ta ɗauki ciki ba, har an fid da rai, sai ga shi ta haifi 'yar maraƙa fara sol. Sabuwa takan taka har ruga don kawai ta shafa kanta ta dawo. A kan wannan maraƙa Ashafa ya sa ido.

"Malam, watanta biyu fa," in ji Sabuwa. "Nono take sha."

"Nono shagwaɓa ce. Ni wata nawa na sha?"

"Inna ta ce shekara uku, sai da aka shafa maɗaci."

"Wannan tsohon zance ne. Ke ba ki son mijinki ya zama mai garma? Ba ki son a ce ga matar mai garma nan ta wuce?"

Kwana biyu yana binta da wannan magana, daga murhu zuwa rijiya, daga rijiya zuwa turmi, har ta gaji. Ta ajiye taɓarya ta dube shi.

"Kwana goma na ba ka. Amma ka ji da kyau, ita kaɗai ta rage mini daga hannun Baba. Uwarta ba za ta ƙara haihuwa ba. In wani abu ya same ta, ban san da idon da zan dube ka ba."

"Ƙiba za ta same ta," in ji Ashafa.

Bobbo da kansa ya kawo ta, a saɓe a wuya. Bai ko dubi Ashafa ba, ya sauke ta gaban Sabuwa, ya ce, "Ga amanarki, mai saniya. Aradu ni ban ga komai ba." Ya juya ya tafi. Tun daga nan ake jin kukan uwar daga bayan fadama, maraƙar kuma tana amsawa.

Ashafa ya kewaye bayan gida da dangar kara, ya sa aka fafe masa wani ƙaton kututture ya zama kwami. Washegari da hantsi ya zuba dusa da kowar wake, ya yayyafa ruwan kanwa, ya jera ɗalibansa bisa tsarin haihuwa. Maƙwabta suka cika bayan danga, Tukur a gaba. Ashafa ya busa usur.

"Bismilla! Babba ya fara."

Babba kuwa ya fara. Ya fara daga wannan baki, ya bi kwamin a hankali yana ture na Tukur da kafaɗa, ya ture na mai unguwa da ƙaho, ya sa ƙafafun gaba a ciki don ya ji daɗin kaiwa lungu. Sauran ukun suka riƙa tsintar abin da ya zubo daga bakinsa. Auta kuwa ko leɓen kwamin bakinta bai kai ba, sai ta tsaya tana lasar itacen daga waje.

"Ashafa," in ji Tukur, "yaushe zai tsame hannun?"

"Ka bari ya gama tunani."

"Ai ya gama dusar."

"Ranar farko ce. Kai ranar da aka fara sa ka cikin 'yan'uwanka ka bar wa wani?"

"Ni nake auta a gidanmu."

"Shi ya sa ba ka san nauyin da ke kan babba ba. Yi mana shiru."

Rana ta biyu Ashafa ya ce ya gano matsalar: Yaya bai taɓa ganin an yi ba. Don haka ya tuɓe riga, ya durƙusa gefen Yaya, ya cusa kai cikin kwami, ya cika baki da dusa, ya tauna, ya haɗiye da ƙyar idonsa na ruwa. Sa'an nan ya ja da baya a hankali, ya yi gyatsar ƙarya, ya ce da ƙarfi, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi. Auta, ga saura." Ya waiwaya ya ga ko Yaya ya lura.

Yaya ya lura. Abin da ya gani shi ne wani baƙon maraƙi mai hula ya shigar masa abinci. Ya ja baya taku uku, ya sunkuyar da kai. Kafin Tukur ya gama cewa "Kai, bayanka!" Ashafa na kwance cikin kwami, ƙafafu sama, hular kwano tana gangarawa wajen danga. Yaya ya matso ya ci gaba da cin dusar da ke gefen haƙarƙarinsa, ya gama, ya lashe wadda ta manne masa a gemu.

"Wannan karatun, wa ke koya wa wani?" in ji Tukur.

"Kun ga ya ja da baya ko ba ku gani ba?" in ji Ashafa daga cikin kwamin. "Taku uku! Jiya ko ɗaya bai yi ba."

Rana ta huɗu ya ce laifin na tsawo ne. Ba a cin akushi ɗaya wani a sama wani a ƙasa. Tun da ba zai iya ƙara wa Auta tsawo ba, zai rage wa manyan. Ya wuni yana haƙa ramuka a jikin kwami: na Yaya mai zurfi har gwiwar mutum, na ɗan Tukur rabin haka, na mai unguwa 'yan daidai. Auta kuma ya kife mata tsohon turmin Sabuwa ta hau. Da ƙyar aka tura Yaya cikin raminsa. Kawuna suka daidaita kuwa, Ashafa ya zagaya yana nuna wa mutane da kara. Yaya ya miƙa wuya ya cinye dusar kamar kullum, sai dai yanzu a hutawarsa, ba sai ya sunkuya ba. Auta ta zame daga kan turmi ta faɗa ramin na kusa da ita.

Da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, ruwan farko na shekara ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Ramuka suka cika. Yaya ya nutse cikin taɓo har ciki, yana ta gunji. Sai da aka kira maza shida da igiya. Ashafa ya ce shi zai shiga ya tura shi ta baya, shi ya san inda ake kama bijimi. Aka ja, Yaya ya fito fit, Ashafa ya maye gurbinsa. Aka sake jefa igiya.

"Wa za mu ɗaura wa, kai ko hular?" in ji mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, ai zurfin nake aunawa."

Duk wannan abin dariya ne, kuma an yi ta har da riƙe ciki. Abin da ba na dariya ba shi ne Auta. Kunun da Ashafa ke ɗura mata da buta zawo yake sa ta. Ta koma bin manyan tana tsotsar kunnuwansu don yunwa, su kuma su harbe ta. In aka nuna wa Ashafa sai ya ce raɗa take yi musu, shawara ce irin ta 'yan'uwa. Da kaska ta bar jikin Yaya ta cika mata wuya, sai ya kira Tukur ya gani.

"Ka ce ba ya ba ta komai. To wannan daga wa ta samu?"

Adama, matar Bobbo, wadda ƙawar Sabuwa ce tun suna 'yan mata, ta shigo da ƙwaryar nono rana ta shida, ranta a ɓace. Ta ce tsohuwar saniya ta ƙi sakin nono tun da aka ɗauke 'yarta, ta ƙi kiwo, sai kallon hanyar gari. Ta ɗan zuba wa Sabuwa madarar wata saniyar a ƙoƙo ta tafi. Sabuwa ta jira Ashafa ya fita masallaci, ta zagaya baya, ta ja Auta gefe, ta tsoma yatsu cikin madara tana ba ta tana tsotsa. A haka ya dawo ya same su.

"La ilaha illallahu! Sabuwa, ke ce ke rushe mini aiki? Abinci a ɓoye? Ai da Yaya ya gani zai ce tana da wani akushin, ba zai bar mata komai ba!"

Sabuwa ba ta ɗaga murya ba. Ta kama hannunsa ta ɗora a gefen maraƙar.

"Me ka ji?"

"Ƙarfi. Ƙashi ne mai kyau."

"Malam, haƙarƙari ne. Da ta zo ba a ganin ko ɗaya. Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji. Ka mayar da ita wurin uwarta, ka yi wasanka da sauran huɗun."

"Saura kwana huɗu. Kin yi alkawari."

"Na yi," in ji ta, hawaye na zubo mata. "Allah ya isa tsakanina da bakina."

Ni na tabbata a ransa Ashafa ya ji abin da hannunsa ya taɓa. Ba makaho ba ne. Amma ya riga ya rantse a gindin tsamiya, kuma shi irin mutanen nan ne da gara gari ya ƙone da a ce sun faɗi magana ba ta tsaya ba. Maimakon ya mayar da maraƙa, sai ya zauna neman dabarar da za ta sa Yaya ya tsame baki ko sau ɗaya ne, a gaban Malam Inuwa. Ya kuwa samo ta a cikin tukunyar yajin Sabuwa.

Ranar da aka sa, tun da hantsi aka kafa rumfa a ƙofar mai unguwa, aka shimfiɗa tabarmi. Mutane suka zo har daga ƙauyukan kewaye, don labarin makarantar maruƙa ya zaga. Bobbo ya zo da sandarsa ya tsaya can nesa. Malam Inuwa ya iso a kan keke, dattijo mai sanyin magana, da littafi a aljihun gaba. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gajiya da iyali da ruwan bana, ya jingina kekensa a jikin turken rumfa ya zauna.

Sai ga maza huɗu ɗauke da kwami, suka dire shi a fili. Bayansu ga Ashafa cikin wankakkiyar riga, hular kwano a ka. Ya ari dangwali, igiyar nan mai zarge-zarge da Fulani ke ɗaure maruƙa a jere, ya zarga wuyan kowanne: Yaya a gaba, ɗan Tukur, biyun mai unguwa, Auta a ƙarshe tana tangaɗi. Fulani turke suke kafawa a kowane bakin igiyar. Ashafa kuwa a ƙugunsa ya ɗaure, ƙulli uku.

"Kaɗo," Bobbo ya kira daga inda yake, "ina turke?"

"Ni ne turken. Uba ai shi ke riƙe da gida."

Ya durƙusa gaban baƙo. "Allah ya gafarta malam, abin da za ka gani yau ko a gonar gwamnati ba a yi shi ba. Babba zai ci kaɗan, ya ja da baya don kansa, ya bar wa ƙanana."

"To, Allah ya nuna mana," in ji Malam Inuwa, ya buɗe littafi.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, Ashafa ya tsiyaye rabin tukunyar dakakken barkono a ɓangaren Yaya, ya rufe da dusa. Lissafinsa shi ne Yaya zai ɗanɗana, ya ji zafi, ya ja da baya cikin natsuwa. Ya manta Yaya bai taɓa ɗanɗana komai ba a rayuwarsa. Usur na tashi, Yaya ya buɗe baki ya kwashe ɓangaren nan kaf a loma biyu.

Yaya ya ɗago kai. Ya ja da baya taku ɗaya, ya ƙara ɗaya.

"Kun gani!" Ashafa ya daka tsalle. "Malam, rubuta! Bobbo, ina bakinka?"

Yaya ya yi atishawa wadda ta watsa wa na gaban rumfa dusa, ya zaro harshe, ya ɗaga wutsiya sama, ya saki wata ƙara da ba a taɓa jin irinta daga bakin saniya ba. Sa'an nan ya zabura. Igiya ta miƙe. Ɗan Tukur ya bi, na mai unguwa suka bi, turken gida ma ya bi, da gindi.

Ta cikin rumfa suka ratsa. Mai unguwa ya yi dama, Malam Inuwa ya yi hagu, littafi ya yi sama. Igiya ta harɗe turken rumfa, rumfa ta zauna a kan tabarmi. Ƙahon keken malam ya sarƙe a dangwali tsakanin maruƙan mai unguwa, keke ya shiga jeri ya zama ɗalibi na shida, ƙararrawarsa na bugawa duk inda ya ci karo da dutse. Ƙararrawar ta ƙara firgita Yaya.

"Ashafa, kwance igiyar!" Tukur na gudu yana ihu.

"Ƙulli uku ne!"

"To busa usur su tsaya!"

"Yana baki! Na kusa haɗiye shi!"

Suka bi ta gaban mai ƙosai, kasko ya kife. Suka ratsa shanyar barkonon wata tsohuwa, ta bi su da zagi har kakan kakan Ashafa. Suka tsallake kunyoyin dawar da aka shuka shekaranjiya, Ashafa na gaisawa da kowace kunya da bayansa. Yaya ruwa yake nema, kuma ya san inda yake: kududdufin bayan gari, wanda ruwan farkon nan ya cika. Bai tsaya a baki ba. Ya faɗa, jeri duka ya bi shi, har da keke.

Gari ya taru a bakin kududdufi, wasu na salati wasu na dariya. Yaya ya tsaya ruwa iya wuya yana sha kamar zai ƙarar da shi. Aka ga kan ɗan Tukur, aka ga na mai unguwa biyu, aka ga hular kwano na yawo ita kaɗai, can sai ga Ashafa ya ɓullo da gansakuka a ka yana tofar da ruwa.

"Wanka ne," ya ce yana haki. "Bayan abinci sai wanka. Yana cikin tsarin."

Ba wanda ya yi dariya, domin Sabuwa ta iso. Ta ture mutane ta tsaya a bakin ruwa tana duba kawuna. Ta duba, ta sake dubawa.

"Ina take? Jama'a, ina maraƙata?"

Ta yar da mayafi ta afka cikin ruwa har ƙirji, tana lalube da hannu biyu, tana kiran Baba, Baba, kamar yarinya. Maza suka faɗa suna taya ta. Tukur ya jawo ƙarshen igiyar daga cikin taɓo, ya ɗaga. Zargen ƙarshe na nan a ɗaure yadda yake, ba kowa a ciki. Ashafa ya dubi zargen, ya dubi matarsa.

Bobbo ne ya zo a hankali, ya karɓi igiyar, ya zura hannunsa cikin zargen ya juya.

"Mai saniya, fito daga ruwa. Ba ta ciki. Wuyanta ya rame har kanta ya zame tun a wajen rumfa. Na gan ta ta kama hanyar fadama."

Aka ɗunguma zuwa ruga, Sabuwa a gaba da jiƙaƙƙen zane. Can gindin wata ɗorawa suka tarar da tsohuwar saniya a tsaye tana lasar bayan 'yarta, ita kuma ta cusa kai ƙarƙashi tana tsotso, ƙafafunta na rawa, kumfa na zuba ta gefen baki. Sabuwa ta durƙushe a wurin ta yi kuka mai isarta.

Malam Inuwa ya iso daga baya, yana tura keke mai lanƙwasasshiyar ƙafa. Ashafa ya matsa kusa da shi yana ɗigar ruwa.

"Allah ya gafarta malam, ka dai ga ya ja da baya. Taku biyu."

"Na gani," in ji Malam Inuwa. "Malam Ashafa, aikina in rubuta abin da na gani. Amma wannan in na rubuta, cewa za a yi na fara shaye-shaye. Sunanka dai ba zai shiga ba, bana da baɗi."

Kafin magariba Tukur ya janye maraƙinsa, mai unguwa ya janye nasa. Ashafa ya tsaya a bakin ruga yana jiran Sabuwa ta fito su tafi gida. Ta leƙo daga bukkar Adama.

"Malam, ka tafi. Ni ina nan."

"Kina nan kamar yaya? Wa zai yi tuwo?"

"Ka ci da Yaya, tun da kun saba. Ranar da na shafa gefen maraƙar nan ban ji haƙarƙari ba, ranar zan koma ɗakina. Kafin nan ko mai unguwa ka turo ba zan taka ba."

Ya turo mai unguwan, ya turo liman, ya aika Likoro wurin yayanta. Duk wanda ya zo sai ta kai shi ya shafa maraƙar, ya koma yadda ya zo.

Shi ya sa duk daminar nan, in ka bi hanyar fadama da sassafe, za ka gamu da Ashafa ɗauke da ƙwaryar dusa mai laushi da ɗanyar ciyawa. Yakan jira Auta ta gama shan nono, ya ja ta can gefe nesa da sauran maruƙa, ya ajiye mata ƙwaryarta ita kaɗai, ya tsuguna da sanda. Duk babban da ya matso sai ya sha duka a hanci.

"Bobbo," ya ce wata safiya, murya ƙasa-ƙasa, "na gano wani abu. Ƙarami, in ana so ya yi ƙiba, sai a ware shi ya ci shi kaɗai. Kada ka faɗa wa kowa tukuna."

"Aradu ba zan faɗa ba," in ji Bobbo.

Sabuwa ta fito daga bukka, ba ta ko dube shi ba. Ta sunkuya ta bi gefen maraƙar da yatsu a hankali, daga kafaɗa zuwa ciki, ta miƙe.

"Saura haƙarƙari uku," ta ce, ta koma ciki.

Ashafa ya bi ta da kallo har labulen kara ya rufe. Sati biyar ke nan yana cin gasasshen rogo. Ya matso da ƙwaryar gaban Auta, ya cire hular kwano ya ajiye a ƙasa, ya haɗa hannu biyu.

"Ci, 'yar'uwa," ya ce. "Don girman Allah ki ci. Kada ki bar wa kowa."